Ƙarar fistin a injin Peugeot 504 bayan garambawul

Auwalu Zariya:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman haske kan injin Peugeot 504 mai fetur, XN1, wato mai 1971 cc. An yi masa garambawul: sabbin fistin da ringi, sabbin metal (ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa), sabon gasket, an kuma share fuskar tof silinda. Silib kuwa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, tsofaffin aka goge aka mayar, don a ido ba su da zane. Motar ba ta yi tafiyar kilomita 500 ba tukuna. Da safe in aka tayar sai a ji ƙwal-ƙwal daga tsakiyar bulok. In inji ya ɗau zafi tana raguwa amma ba ta ɓacewa, kuma da an ɗan taɓa totur daga silo sai ta fito sosai. Fitilar baƙin mai tana mutuwa nan take. Mai mota ya ce metal ne, a sauke kwanon ƙasa. Ni fistin nake zargi. Ta ina za a fara?

Oga Tanko Kaduna:
Wa alaikumus salam. Kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna, Auwalu. Injin da yake tashi yana gaya maka abin da ke damunsa, da ka wargaza shi ka rasa wannan shaidar.

Fara da zafi. Ƙarar siket ɗin fistin, wato ƙasan jikinsa, yana dukan bangon silib ta fi ƙarfi da sanyi, tana raguwa in fistin ya buɗe. Ta metal ɗin kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, akasin haka take: da sanyi mai yana da kauri yana rufe ta, da zafi mai ya tsinke sai ta bayyana. Abin da ka faɗa ya fi karkata ga fistin.

Sannan ka bi silinda ɗaya bayan ɗaya. Inji yana silo, ka zare wayar fulogi da filaya mai roba a hannu, ka kusantar da bakinta ga bulok don wutar ta sami hanya, ka saurara. Dukan siket yana raguwa ko ya ɗauke. Metal ma yana raguwa, amma shi in ka mayar da wayar sai ka ji gwaf ɗaya mai nauyi. Gojin fin kuwa, wato fin ɗin da ke haɗa fistin da kwanrod, sau da yawa ƙaruwa yake yi, ya koma bugu bibbiyu, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, domin babu matsin wuta da ke danne fistin a kan fin ɗin. Ka tuna a wannan injin lamba 1 tana can baya wajen fulawil, ba wajen fanka ba. In ka ƙirga daga gaba za ka kawo mana rahoton silindar da ba ita ba.

Na uku, ka kwance fulogin silindar da kake zargi, inji da ɗumi, ka zuba baƙin mai mai kauri kamar cokali ɗaya, ka juya injin da sitata ba fulogi don ya bazu, ka mayar ka tayar. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo bayan man ya ƙone, tsakanin siket da bango ne. Cokali ɗaya na ce, kada ka cika, mai ba ya matsuwa.

Ɗanladi Jos:
Ƙari kan na Oga: a saita bawul kafin komai. Da sanyi, 0.10 mm na shan iska, 0.25 mm na fitar hayaƙi. A duba gasket ɗin bakin salansa, in yana huci yana yin cak-cak da sanyi ya rufe da zafi, daidai irin halin da ake jingina wa fistin. Famfon fetur da sarƙar tayimin su ma suna ruɗin kunne. Doguwar sukuddireba a kunne ta isa raba su: ƙarar fistin a gefen bulok take, ta bawul a murfin sama, ta sarƙa a gaba.

Sadiƙu:
Ai da fitilar tayimin ma ana ganewa. In ƙarar tana tafiya daidai da walƙiyar fitila bawul ne, in ta ninka walƙiyar to ƙasa ne.

Injiniya Rabi:
Malam Sadiƙu, wannan gwajin yana da amfani amma ba ya raba bawul da fistin. Fitilar tana walƙiya sau ɗaya a kowane juyi biyu na karanshaf. Bawul yana bugawa sau ɗaya a juyi biyu, gaskiya ne. Amma dukan siket mafi ƙarfi shi ma lokacin tashin wuta yake faruwa, wato sau ɗaya a juyi biyu. A silo na juyi 800 a minti, bugu 400 ke nan ga kowannensu.

Yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa a ciki. Lokacin matsa iska, fistin yana hawa jingine da bango ɗaya. Da ya wuce ƙololuwa, kwanrod ya karkata ɗaya ɓangaren, matsin wuta ya sauko, sai fistin ya tsallaka ya faɗa ɗaya bangon. Duk inji yana yin wannan tsallaken. Abin da ke sa a ji shi a waje shi ne faɗin tazarar da zai tsallake da ƙarfin da ya tura shi. In ka tsaya a gaban injin da ke juyawa irin na hannun agogo, bangon da ke shan dukan shi ne na hagunka.

Shi ya sa akwai gwaji na huɗu: a sassauta distiributa a mayar da wuta baya kamar digiri 4 ko 5. In ƙarar ta yi laushi, matsin wuta ne ke tura ta, ko dai dukan siket ko ƙarar fetur, wato ƙir-ƙir ɗin da ake ji in fetur ya fashe ba bisa tsari ba a ɗakin wuta. In ba ta canza ko kaɗan ba, a nemi ƙarfen da ke taɓa ƙarfe.

Malam Isuhu mai boring:
Ni dai tun layi na uku na rubutunka na tsaya, Auwalu. Sabon fistin a tsohon silib da aka goge. Wa ya auna? Da me aka auna?

Ido ba ya ganin cin 0.05 mm, farce ma ba ya ji. Silib yana cinyewa ne ba daidai ba: ya fi ci a sama inda ringin farko ke juyawa, kuma ya fi ci ta gefen da fistin ke jingina, sai ramin ya zama ƙwai, sama ta fi ƙasa faɗi. Dutsen goga da ake ɗaurawa a dirila bin ramin yake yi yadda ya same shi, ba ya miƙar da shi. Yana share shaidar cin ne kawai, ya ƙara kwashe ƙarfe, in mai yi ya daɗe a bakin sama da na ƙasa ya buɗe su. Sai ka ga silib yana ƙyalli da zane mai kyau, alhali ya fi yadda aka kawo shi faɗi.

Ramin XN1 milimita 88 ne, tafiyar fistin 81. Kamfani ya raba silib zuwa aji huɗu da zanen layi 1 zuwa 4 a jikinsa, fistin kuma da harafi A, B, C, D a kansa. A da layi ɗaya, B da biyu, haka har D. Tsakanin aji da aji kusan 0.01 mm ne. In ka sa fistin A a silib mai layi huɗu, ka ƙara kusan 0.03 mm ke nan tun kafin a yi maganar ci. Dalilin da ya sa ake sayar da su a kwali ɗaya ke nan, silib da fistinsa da fin da ringi. Masu kaya suna raba kwali su sayar ɗai-ɗai don sauƙin kuɗi, daga nan lissafi ya rikice.

Auwalu Zariya:
Baba Isuhu, da fila geji aka gwada, an ce 0.05 ta shiga, 0.10 ta ƙi.

Malam Isuhu mai boring:
A ina aka zura ta? In a kan fistin ne wajen ringi, wannan ba awo ba ne, domin kan fistin da gangan aka yi shi ya fi siket ƙanƙanta, shi ya fi shan zafi. Fistin ba zagayayye ba ne, kuma ba miƙaƙƙe ba. Ya fi faɗi ta gefen da ya gicciye gojin fin, a ƙasan siket. Nan ake ɗora maikuromita, a tsayin da mai fistin ya rubuta a takardarsa. Sannan fila geji shimfiɗaɗɗiya ce, rami kuwa lanƙwasasshe, gajeriya mai faɗi za ta cije tun kafin ta nuna tazarar gaskiya.

Ga yadda ake yi. A auna siket da maikuromita mai 75 zuwa 100. A kulle ta a wannan awon, a saita agogon awon rami a kanta zuwa sifili. A zura agogon a silib wuri uku, sama ƙarƙashin inda ringi ke tsayawa, tsakiya, ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu, bin layin karanshaf da gicciyensa. Awo shida a kowane silib. Abin da allura ta nuna shi ne tazarar kai tsaye. Sabon silib bai kamata bambancin awonsa shida ya wuce 0.02 mm ba. Tsoho in bambancin ya haura 0.05 ni ba na sa masa sabon fistin.

Wani abu da ake mantawa: alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Fistin mai milimita 88 yana ƙara kusan 0.02 mm a duk digiri 10. Wanda aka ɗauko daga but ɗin mota da azahar aka auna nan take, silib kuma yana inuwa tun safe, zai nuna maka tazara ƙarama wadda babu ita. A ajiye su da ma'aunin wuri ɗaya su kwana, a auna da sassafe.

Alhaji Mamman Maraɗi:
Gaisuwa ga jama'a. Ni ina ganin kuna tsananta wa yaro. Motocin nan na 504 da ke ɗaukar kaya da fasinja tsakanin Maraɗi da Damagaram, da yawansu suna wannan ƙarar da safe shekara da shekaru, ba su kwanta ba. A zuba 20W-50 mai kyau, a bar inji ya yi ɗumi kafin a taka. Kwance inji sau biyu kuɗi ne, kuma kowace kwancewa tana da nata haɗarin.

Oga Tanko Kaduna:
Ranka ya daɗe, rabin maganarka na yarda da ita. Ƙarar da ke ɗaukewa gaba ɗaya cikin minti biyu ko uku, inji ba ya shan mai, ba ya huci ta murfin mai, wannan a bar ta. Amma Auwalu ya ce tasa ba ta ɓacewa da zafi, kuma inji sabon ɗauri ne. Fistin da ke rawa a rami yana karkata, in ya karkata ringi ba ya zama daidai a bango, gefensa ke gogawa. Sabon ringi da ya fara rayuwa a haka ba zai taɓa zama ba. Nan da 'yan dubban kilomita sai shan mai da hayaƙi. Mai kauri yana rage ƙara, ba ya rage tazara.

Injiniya Rabi:
Akwai kuma illar da ta shafi injin da silib ɗinsa ke jiƙe cikin ruwa irin wannan. Dukan fistin yana girgiza bangon silib, girgizar tana haifar da ƙananan kumfa a ruwan da ke bayansa, suna fashewa suna cin ƙarfen ta waje. An fi ganin haka a injin dizal, amma ruwan famfo tsura ba tare da maganin lagireto ba yana taimaka masa a kowane inji.

Auwalu, akwai tamostat a motar?

Auwalu Zariya:
Babu, Anti. An cire tun da daɗewa.

Injiniya Rabi:
To a mayar kafin a yanke hukunci. An ƙera tazarar fistin ne a kan cewa inji zai kai zafin aikinsa ya tsaya a can. Ba tamostat, musamman da hunturu, ruwa yana zagaya lagireto tun daga tashi, sai inji ya daɗe a sanyi, fistin bai buɗe ba, fetur kuma yana kwanciya a bango yana wanke mai. Na motocin wancan zamani suna buɗewa ne wajen digiri 75 zuwa 82. Ba zai gyara silib da ya ci ba, amma ba za ka san ko ƙarar tana ɓacewa da zafi ba alhali injin bai taɓa kai zafin ba.

Alhaji Mamman Maraɗi:
Hajiya, a zafin watan Afrilu na wajenmu tamostat ɗin nan sai ya kashe inji.

Injiniya Rabi:
Wanda ya maƙale a rufe shi ke kashe inji, Alhaji. Lafiyayye in zafi ya kai a buɗe yake gaba ɗaya. A jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta a ga buɗewarsa kafin a ɗaura. Motar da ke tafasa da lafiyayyen tamostat, lagiretonta ko fankarta ko famfon ruwanta ne ke da magana.

Ɗanladi Jos:
Bari in kawo abin da ba a taɓo ba: juya fistin. Ramin gojin fin a yawancin fistin ba a tsakiya yake cif ba, an gusar da shi kamar milimita ɗaya ko ɗaya da rabi zuwa bangon da ke shan duka. Hikimar ita ce fistin ya fara karkata a hankali kafin wuta ta tashi, ƙasan siket ya riga taɓa bango, sauran jiki ya biyo. In aka juya shi, sai ya faɗa gaba ɗaya a lokacin da matsi ya fi ƙarfi. Tazara daidai, kaya sababbi, amma ƙara kamar tsohon inji. A na Peugeot akwai kibiya da haruffan AV a kan fistin, tana kallon gaban inji. A Volkswagen Beetle kibiyar fulawil take kallo. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya yakan juya ɗayan.

Beetle misali ne mai kyau na yadda lambobin suke. Mai 1584 cc, rami 85.5 mm, tazarar sabon fistin 0.04 zuwa 0.06 mm, iyakar ci 0.20 mm. Su ma an raba su aji da ɗigon fenti, shuɗi, ruwan hoda, kore. Kuma da yake iska ke sanyaya shi, ba rigar ruwa da za ta shanye ƙara, abin da ba za ka ji a 504 ba a Beetle sai ka ji shi daga bakin titi.

Ana iya duba kibiyar ba tare da cire tof silinda ba, da 'yar kyamarar nan mai waya da ake haɗawa da wayar hannu, ta ramin fulogi. Inji mai kilomita 500 bai tara baƙin da zai rufe ta ba.

Sadiƙu:
To fistin ɗin tsere fa? Na ga ana cewa sun fi ƙarfi amma suna ƙara.

Injiniya Rabi:
Waɗannan bugaggu ne, ba zubi ba. Masu haɗin alminiyon 2618 kusan ba su da silikon, suna buɗewa da yawa, don haka ana ba su tazara babba, wajen 0.09 zuwa 0.13 mm a rami irin wannan, kuma ƙararsu da sanyi halinsu ce. Masu haɗin 4032 suna da silikon wajen kashi 12 cikin 100, ana matse su fiye da haka. Masu gyaran tsofaffin motoci a Amurka da Ingila suna yawan kuka da wannan, su sa fistin tsere a motar yawo sannan su dame da ƙarar safe. Ga 504 na hanya fistin zubi shi ne daidai. Abin kiyayewa shi ne tazarar ta mai fistin ce, ba ta littafin mota ba, in fistin ɗin ba irin na asali ba ne.

Oga Tanko Kaduna:
Tunda an share fuskar tof silinda, a sa ƙarar fetur a lissafi. Sharewa tana rage ɗakin wuta, matsi ya hau. XN1 ya fito da matsi iri-iri, akwai 8.35, akwai 8.8, akwai na ƙasa da haka da aka yi wa ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi, kuma fistin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 har aka daina 504 a 2006, ga kuma injinan da aka shigo da su daga Turai, kayan sun cakuɗe a kasuwa. Fistin mai matsi sama, tof da aka share sau biyu ko uku, wuta gaba, sai ka ji ƙir-ƙir in an taka a babban giya ko a hawa. Bambancinta da dukan siket: ita da zafi da nauyi take zuwa, ba ta zuwa a silo da safe. Amma in aka bar ta tana karya dandamalin ringi, wato tudun da ke tsakanin kwarin ringi da na kusa da shi, ta durƙusar da siket, daga nan ta haifi ainihin ƙarar fistin.

Sai taɓa ƙarfe. Gasket ɗin injin 1796 cc na rami 84 ne, in ya hau kan rami 88 bakinsa yana leƙowa ciki. Tsakanin fistin da tof ana son kusan milimita ɗaya, tsakanin fistin da bawul milimita 2 zuwa 2.5. Sarƙar tayimin da ta kauce haƙori tana cinye wannan tazarar. Irin wannan ƙarar siririya ce, ba ruwanta da cire wayar fulogi, kuma tana ƙaruwa da gudun inji.

Malam Isuhu mai boring:
Da gaɓar da tsohon ringi ya bari a saman silib. Tsohon ringi bakinsa ya mulmule, gaɓar ma haka. Sabo bakinsa kaifi ne, sabbin metal kuma sun ɗaga fistin ɗan kaɗan, sai ya riƙa dukanta a kowane hawa. Ƙarshenta ringi ya karye ko dandamalin ƙarƙashinsa ya tsage.

Auwalu Zariya:
Ga sakamako. An saita bawul, an sa tamostat, ƙarar ta ragu da zafi fiye da da amma tana nan. Cire waya: ta faɗi sosai a lamba 2, ta ɗan faɗi a 3, babu canji a 1 da 4. Babu bugu bibbiyu. Gwajin mai a lamba 2 ya ɗauke ta kusan minti ɗaya. Agogon mai da zafi ya nuna matsin bar 1.2 a silo, 3.5 a juyi 3000. Kyamara ta nuna duk kibiyoyi suna kallon gaba. Mai mota ya yarda aka buɗe. Fistin duka A ne, silib biyu masu layi uku, biyu masu layi biyu. Tazara a tsakiyar rami, daga lamba 1 zuwa 4, a milimita: 0.08, 0.16, 0.13, 0.09. Metal lafiya lau. Abin da ban gane ba, goguwar siket ɗin lamba 2 a karkace take, ta fara daga sama hagu ta sauka ƙasa dama, sauran ukun a miƙe.

Malam Isuhu mai boring:
Madalla da ka lura da wannan, domin da ka sa sabon kit ka rufe, da ƙarar ta dawo a lamba 2. Goguwa a karkace kwanrod ne, ko ya lanƙwashe ko ya murɗe. Yakan faru in inji ya taɓa shan ruwa, ko an taɓa dukan fin da guduma kwanrod yana maƙale a bais. Duba metal ɗin wannan kwanrod da kyau a haske, za ka iya ganin ya fi ƙyalli a gefe ɗaya na rabin sama da ɗaya gefen na rabin ƙasa. Duba kuma kilif ɗin da ke tare fin ta bakinsa biyu, kwanrod mai karkata yana tura fin gefe yana dukan kilif, in ya fitar da shi sai fin ya haƙa layi biyu a bangon silib.

In babu na'urar gwada kwanrod kusa, a zura sandar ƙarfe gogaggiya da ta cika babban rami, wata a ƙaramin, a auna tsakaninsu ta dama da ta hagu a nisa ɗaya. Bambancin da ya wuce kusan 0.05 mm a tsawon milimita 100 ya yi yawa. Murɗewa kuma a kan faranti mai shafaffiyar fuska ake ganinta. Ni ban son miƙar da kwanrod, a nemo wani, a ɗora a sikeli a tabbatar nauyinsa ya yi kusa da na 'yan uwansa.

Tunda yana hannu, gwada bushin ƙaramin rami. Fin da ɗan mai ya shiga da turin babban yatsa, ya juya sumul, ba ya girgiza. Tazararsa wajen 0.01 zuwa 0.02 mm ce. In an canza bushi a tabbatar hujin mai ya dace da na kwanrod, kuma a goge shi da inji, rima ta hannu tana buɗe bakinsa biyu ta bar tsakiya, sai ya ji daidai a hannu ya saki bayan mako.

Alhaji Mamman Maraɗi:
0.16 kam ta yi yawa, ba musu. Amma 1 da 4 fa? A canza biyu a bar biyu mana.

Oga Tanko Kaduna:
Ana iya yi, Alhaji, amma kit huɗu yake zuwa, nauyin fistin ɗinsa ɗaya, kuma tsayin silib a kan bulok sai ya daidaita tsakanin maƙwabta. Tsoho da sabo gefe da gefe yakan ba da wahala a nan.

Auwalu, wajen ɗauri. Kankare mazaunin silib a bulok har ƙarfe ya fito, ƙwayar tsatsa ɗaya tana karkatar da silib, in aka ɗaure tof ta matse shi ya zama ƙwai. Auna fitowar kowane silib sama da fuskar bulok da agogo, wuri huɗu, ka daidaita da gasket ɗin ƙasa masu kauri daban-daban har ta shiga abin da takardar kit ta ce. Da ka zaunar da su ka danne su da washa da bol, kada karanshaf ya juya ba a danne ba. Kada ka raba fistin da silib ɗin da ya zo a ciki, ka yi musu lamba tun a kwali. Duk da sababbi ne ka auna.

Ringi: tura shi cikin rami da kan fistin don ya zauna daidai, bakinsa ya kai kusan 0.004 na faɗin rami, a 88 wajen 0.35 mm ke nan. In ya gaza, da zafi bakunan za su haɗu ya kankare bango. Gefensa a cikin kwarin fistin 0.04 zuwa 0.08. Mai rubutun TOP ya kalli sama. Kilif sababbi, ka juya kowanne a kwarinsa ka ji ya zauna. Fin in ya yi tauri ka ɗumama fistin a ruwan zafi, ba guduma.

Wanke rami da ruwan zafi da sabulu da burushi har farin ƙyalle ya fito fari, sannan mai nan take. Fetur ba ya fitar da garin dutse daga zanen goga, kuma garin nan shi ke cinye siket cikin kwanakin farko.

Injiniya Rabi:
A duba kafireta kafin tashin farko. Solex da allurarta ke yoyo ko cok da ke maƙalewa za su wanke bangon sabon silib da fetur. In baƙin man da aka juye yana warin fetur, daga nan ne. Bayan tashi kada a bar shi yana silo na awa guda da sunan ya saba, ringi matsi yake so kafin ya zauna. A fita hanya, a taka matsakaici a saki, ana canza gudu, ba a labta masa kaya ba kuma ba a ja shi a babban giya da ƙaramin gudu ba. A kilomita 1000 a juye mai da filta, a sake ɗaure tof silinda da sanyi bisa tsarin littafi, a sake saita bawul domin ɗaurin yana canza su.

Auwalu Zariya:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: fistin huɗun nan da suka yi kilomita 500 kawai, a ajiye su don wani aikin ko a zubar?

Malam Isuhu mai boring:
Na lamba 2 a zubar, ya yi aiki a karkace, ramin fin ɗinsa ma abin zargi ne. Sauran ukun ka auna siket ka gwada da sabon fistin A. In sun yi ƙasa da shi da fiye da 0.02 mm siket ya durƙushe. In sun tsaya a awonsu, kwarin ringi bai buɗe ba, babu tsaga a gindin fin, ka shafa musu mai ka naɗe kowanne da fin ɗinsa, ka rubuta awon a jikin kwalin. Silib mai layi ɗaya kaɗai za su shiga, kuma da sabbin ringi.